Yajin Inna

Litinin, 9 ga Mayu 1938, bayan la'asar

Kalla, madugun shanu, ya iso nan Abidjan yau da jirgin ƙasa na Bobo, da shanu sittin da huɗu. Na duba su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aikin likitan dabbobi ya tanada: baki, ido, kofato. Biyu sun rame, ɗaya yana ɗingishi. Sai da na gama, na wanke hannu, sannan na tambaye shi inda ya sauke Inna, surukata.

Wata uku ke nan da ta baro Tawa cikin ayarinsa, a kan takarkari, domin ta zo ta yi wa 'yarta wankan haihuwar fari. Ni ne na hana matata Safiyatu tafiya gida goyon ciki. Na ce hanya ta yi wa mai ciki nisa. Ban tsaya na tuna cewa nisan ɗaya ne ga tsohuwa ba.

Kalla ya daɗe yana kallon sandarsa. Ya ce, "Likita, sai haƙuri." Ya ce wani ƙauye ne tsakanin Fadan Gurma da Wagadugu, mai rijiya ɗaya da tsamiya biyu, akwai Musulmi, an yi mata sutura yadda ya kamata. Ya faɗi wasu abubuwa game da kwana ukun da suka gabaci haka. Na ji su. Ba zan rubuta su ba.

Ya miƙo mini ƙunshin kayanta, ɗaure cikin baƙin zane. Na sa shi a kabad ɗin biro, wato ofishina na mayanka, ƙarƙashin kwalaben magani, na kulle.

Yau kwana goma sha ɗaya da haihuwa.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Daga mayanka a Treichville zuwa gida a Adjamé tafiyar rabin awa ce a keke. Yau na tura keken da hannu. Gadar nan mai iyo a kan ruwa kullum tana motsi ƙarƙashin ƙafa, amma ban taɓa lura ba sai yau.

Na tarar da Gwaggo Hajo a bakin murhu tana hura ɗanyen itace. Ita ce mai gidan da muke zaune, matar tsohon sarkin fawa, kuma ita ke riƙe da wankan Safiyatu kafin mai shi ta iso. Na ja ta bayan ɗaki na gaya mata. Ta yi salati a hankali, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Wa ya sani?"

Na ce Kalla da mutanensa, sai Mika'ilu, sarkin fawa na yanzu.

"To, ya tsaya nan. Jinin da yarinyar nan ta zubar kai ka gani da idonka. In ta ji yanzu nono ya ƙafe, ita ta kwanta, ɗan ya bi bayanta. Ba a gaya wa mai jego irin wannan sai ta yi arba'in."

Na ce, "Gwaggo, ban saba faɗin abin da ba shi ke nan ba."

"Wa ya ce ka faɗi wani abu? Kai da ma bakinka nauyi gare shi. Yau ya yi rana."

Saura kwana ashirin da tara.

Talata, 10 ga Mayu, da safe

Tururin wanka ya cika tsakar gida har ba a ganin ƙofar ɗaki. Ina jin faɗuwar ganye a bayan Safiyatu, da muryarta tana cewa, "Gwaggo, zafi!" Hajo tana cewa, "In uwarki ta zo za ki san ni mai tausayi ce."

Ban san yadda ta iya faɗin haka ba tare da muryarta ta karye ba.

Laraba, 11 ga Mayu, da azahar

An yi addu'a a zauren Mika'ilu, can ƙetaren ruwa, inda sauti ba zai kai Adjamé ba. Mahauta, masu shanu, da wasu maƙwabta 'yan kasuwa Julawa. Ni na zauna a wurin da 'ya ya kamata ta zauna, ina amsa gaisuwar da ba tawa ba.

Sau biyu kawai muka taɓa magana da Inna, duka biyun ta bayan zana, kamar yadda ya dace tsakanin suruki da suruka. Na ƙarshen, ranar da za mu taso, ta ce, "An ce garin can ruwa ya kewaye shi. Ba ta iya iyo ba." Na ce za a kiyaye.

Mika'ilu ya ba ni ƙaurin sa na kai wa mai jego. Ya raka ni ƙofa, ya ce, "Likita, ka wanke fuska kafin ka shiga gida. Mata sun fi ka iya duba ido."

Alhamis, 12 ga Mayu, da yamma

Layin dogo ya bi ta bayan unguwarmu, saboda haka babu jirgin da ke shiga Abidjan daga arewa ba tare da ya gaishe mu ba. Da jirgin ya yi kuka yau, Safiyatu ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali. Ta daɗe a haka, kunnenta a ƙofar gida.

Da na shiga ta ce, "Malam, babu labarin su Inna?"

Na ce, "Shanu suna shigowa kaɗan kaɗan. Hanya ta yi wuya bana."

Babu kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba ce. Na auna su tun a kan gada. Shekaru tara na yi ina karatu tsakanin Dakar da Bamako, kuma ga abin da karatun ya amfana mini yau.

Ta ce, "Ai Inna ba ta son gaggawa. Ina jin ta tsaya koya wa Mosawa daka." Ta yi dariya. Na taya ta.

Asabar, 14 ga Mayu, da hantsi

Ruwa tun asuba. Kwanon ɗaki yana magana, kowa ya huta da tasa.

Lahadi, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na zo gida da ƙaramin ma'aunin mayanka, mai ƙugiya, bayan na dafa shi a ruwan zafi. Niyyata in san ko yaron yana ƙaruwa. Hajo ta gan shi a hannuna ta dafe ƙirji.

"Likitan shanu! Jikana za ka rataya kamar cinyar sa? In ka auna, wa za ka sayar wa?"

Na yi mata bayanin yadda ake yi a asibiti. Ta ce a asibiti ai marasa kaka ake kaiwa. Ta ɗauki mayafinta ta tafi barka gidan wasu Zabarmawa, tana mita har ƙofa.

Safiyatu ta bari sawunta ya yi nisa, sannan ta miƙo zane ba tare da ta dube ni ba. Muka ƙulla shi kamar jaka, muka sa yaron a ciki, na rataya. Ya yi ta lilo a tsakiyar ɗaki, idonsa buɗe, bai yi kuka ba, kamar wanda aka daɗe ana yi wa haka a wata duniya. Kilo uku da giram ɗari shida. Safiyatu ta toshe baki da hannu tana dariya har hawaye, tana cewa, "Sauke shi, sauke shi, in Gwaggo ta dawo mun shiga uku."

Hajo tana kiransa Tasi'u. Mu biyu ba ma kama sunan, tunda ɗan fari ne. Baƙo muke ce masa.

Tsawon wannan lilon ban tuna da kabad ba. Na rubuta wannan domin gaskiya ne, ba domin ina alfahari da shi ba.

Talata, 17 ga Mayu, da rana tsaka

Barci ya ɗauke ni a kujerar biro bayan an gama yankan safe. Na ga takarkari yana tafiya a kan lagun, ruwan nan da ya raba garin, a hankali, kofatonsa ba ya nitsewa. Akwai mace a kai, ta ba ni baya. Masu kwalekwale suna kauce mata suna gaisuwa. Ba ta nufi Treichville ba, ba ta nufi Filato, unguwar Turawa, ba, tsakiya kawai take bi, ruwan kuma ba ya ƙarewa. Ban ji tsoro ba. Abin da ya dame ni shi ne ban san ko ya dace suruki ya ɗaga murya ya kira ba.

Mika'ilu ne ya tashe ni, wai in zo in buga hatimi a kan nama.

Juma'a, 20 ga Mayu, bayan magariba

A Tawa da yanzu yaron yana hannun kakanni, mu kuma muna kawar da kai in an wuce da shi. Nan babu kakanni sai Hajo, ita kuma tana da kasuwa da barka da jana'iza. Saboda haka kunyarmu ta zama ta lokaci-lokaci: in tana gida mu manya ne, in ta fita mu ɓarayi.

Yau na kama Safiyatu tana ƙirga masa yatsun ƙafa, tana ba kowanne suna. Babban shi ne Kumandan, Baturen mulki, na ƙarshen Ɗan Autan Gwaggo. Ta ga na gani, ta ja zane ta rufe ƙafar. Na ce ban ga komai ba. Ta ce, "To zo ka ƙara rashin gani." Na zauna a bakin gado. Tafin ƙafarsa bai kai tsawon babban yatsana ba, kuma yana da ɗumi irin na gurasar da aka ciro yanzu.

Muka sha kunun kanwa a kwano ɗaya, ko da yake ba a yi shi domin maza ba. Iska tana kawo ƙamshin aloko, soyayyiyar agada, daga gidan maƙwabta. Wata mata tana daka a nesa, tana tsayawa, tana ci gaba.

Na so yammacin nan ya ƙi wucewa. Saura goma sha takwas.

Litinin, 23 ga Mayu, da yamma

Jirgi ya yi kuka. Ta gyara ɗankwali.

Talata, 24 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta wannan daki-daki, domin laifin nawa ne ni kaɗai.

Da safe Hajo ta ce yajin jego ya ƙare, in biya kasuwar Treichville in sayo citta da kimba da masoro ta daka. Aiki ya riƙe ni, ruwa ya sauko, kafin in fito masu kayan yaji sun naɗe. Na koma biro. Na buɗe kabad, na kwance baƙin zanen a karo na farko. A sama akwai gora mai wuyan jar fata, cike da yaji dakakke.

Na yi tunani irin na mai karatu. Na ce domin wannan ranar aka daka shi, barinsa ya lalace cikin damshi asara ce. Na ce yaji citta ne da barkono da kimba, a Tawa ko a Abidjan. Na zuba kaɗan a takarda na ƙunshe kamar na kasuwa, na ce wa Hajo dakakke na samu.

Aka gasa nama, aka kai mata. Ina zaune a ƙofa. Ta dangwala, ta kai baki, ta daina tauna.

"Malam, wannan yajin fa?"

"Daga Treichville na zo da shi."

"Ban ce daga ina ka zo da shi ba. Wa ya daka?"

Kafin in haɗa amsa fuskarta ta buɗe, irin buɗewar da ban gani ba tun ranar suna. "Ta iso! Gwaggo, Inna ta iso! Babu mai soya kimba kafin ya daka sai ita, ga gishirinmu na Foga ma a ciki. Kun ajiye ta gidan sarkin fawa ta huta, ko? Kuna so ku ba ni mamaki!" Ta sauko daga gado tana neman mayafi.

Hajo ta tare ƙofa. "Ke zauna, mai jego ba ta ƙetare ruwa. Saƙo ta aiko gaba da wasu masu shanu. Ita tana tafe."

Safiyatu ta juyo gare ni. "Haka ne, Malam?"

Na nemi kalmar da za ta tsaya tsakani. Babu.

Na ce, "Haka ne."

Laraba, 25 ga Mayu, da safe

Hajo ta same ni ina ɗaure takalmi. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. "Duk karatun nan ba a gaya maka yaji yana da hannu ba? Ni in aka rufe mini ido aka ba ni na matan gidan nan goma, zan faɗa maka mai kowanne. Ka ɗauko uwa ka sa wa 'ya a baki, ka ce ba za ta gane ba?"

Na ci gaba da ɗaure takalmina.

A ɗaki Safiyatu tana waƙa a hankali. Ta sa an shanya sabuwar tabarma. Ta ce in sayo goro fari, irin wanda Inna ke so, in ajiye a ganye. Ta ce Inna za ta ce kunnen Baƙo na gidanmu ne, ba nasu ba.

Alhamis, 26 ga Mayu, da yamma

Na sayo goron.

Asabar, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Tun jiya waƙar ta tsaya. Tana cin naman ba tare da ta taɓa yajin ba; ta ƙulle sauran a gefen zane.

Yau ina shirin fita masallaci ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inna ba ta ƙunshe yaji a takarda. Gora gare ta, mai jan wuya, tun ina yarinya. Ko maƙwabciya ta zo roƙo, a hannu take zuba mata, ba ta bari a riƙe goran." Ta shafa ƙullin da ke gefen zanenta. "In aikowa ta yi, ina goran?"

Na ce lokacin salla ya yi. Wannan ma gaskiya ne. Na fara ƙin gaskiyata.

Lahadi, 29 ga Mayu, da azahar

Na fita da sassafe na ƙetare gada, na ɗauko ƙunshin, na ɗaura a bayan keke. Hajo ta tafi suna. Ban nemi izninta ba. Saura kwana tara, amma macen da ke kwana da wannan tambaya ba hutawa take yi ba, ko me al'ada ta nufa da alheri.

Na ajiye shi a gabanta. Ta gane zanen tun kafin ya taɓa tabarma. Ta kwance da kanta. Gora. Dunƙulen kanwa. Daddawa a ganye. 'Yar hula da aka saƙa da jan zare. Ta fitar da su ɗaya ɗaya, tana jerawa. A ƙasa akwai carbi, da takalman Inna, an haɗa su fuska da fuska.

Ba a aiko takalmi gaba.

Na faɗi kalmar. Na faɗi ƙauyen, da rijiyar, da tsamiyoyin. Ta saurara kamar ana ba ta kwatancen gidan da za ta je.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana ashirin."

"Ranar da muka rataya yaro?"

"Na sani."

"Ranar da muka sha kunu?"

"Na sani."

"Da na ce maka haka ne?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ka bar ni na shanya mata tabarma." Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta ɗauki takalman ta rungume, ta juya fuska ga bango. Sai da na fita tsakar gida na ji sautin. Matan gidan suka fito daga ɗakunansu, suka wuce ni, suka shiga.

Litinin, 30 ga Mayu, da safe

Jikinta da zafi. Ta ƙi kunu. Yaron ya yi kuka a nono sau biyu.

Hajo ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da hura wuta. Da faɗan ta yi.

Talata, 31 ga Mayu, da yamma

Mata suna ta zuwa gaisuwa, daga Adjamé, daga Treichville, har da wata 'yar ƙabilar Ebriye mai kawo mana kifi, wadda ta zauna awa guda ba ta da kalmar Hausa ko ɗaya, ta tashi ta bar aceke, dambun rogo, a ƙwarya.

Safiyatu ba ta yi mini magana ba. In akwai buƙata, sai ta ce, "Gwaggo, a ce masa." Ina tsaye taku uku daga gare ta.

Alhamis, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Zafin ya sauka jiya. Ta sha kunu rabin kwano, yau ta shanye. Hajo ta ce Safiyatu ce ta buɗe goran da kanta ta barbaɗa a nama, ta ci tana hawaye, ta cinye.

Na koma zama a kan turmin da aka kifa kusa da ƙofarta. Ina taya Hajo ɓarar gyaɗa, aikin da ban yi ba tun ina ɗan shekara bakwai. Daga nan ana jin haɗiyar yaron in yana sha. Ƙaramin sauti ne, kamar ɗigon ruwa a randa. Na zauna ina jinsa har gyaɗar ta ƙare, na ci gaba da murza ɓawo.

Can labule ya motsa. Hannu ya fito ya shimfiɗa zane a bakin ƙofa, ya kwantar da Baƙo a kai, dab da ƙafata, ya koma. Hajo ta ga sarai. Ta tashi ta ce wai ta manta wani abu a ɗaki, ta daɗe ba ta same shi ba.

Na auna shi. Kilo huɗu da giram ɗari biyu. Na faɗa da ƙarfi, ga tsakar gida. Labulen bai amsa ba.

Jirgi ya yi kuka wajen ƙarfe biyar. Babu wanda ya motsa.

Asabar, 4 ga Yuni, da hantsi

Ta ce a ce mini in kira Kalla. Ya sayar da shanunsa, ya ɗaure goro, jibi zai koma arewa. Ya zo ya tsuguna a ƙofa, ita tana bayan labule. Na yi zaton kwana ukun Inna na ƙarshe za ta tambaya. Ta ce, "Baba Kalla, me take ci a hanya?"

Ya saki jiki. "Ci? 'Yata, ai mu ta ciyar. Kwana biyu da barin Tawa ta ɗanɗana tuwon Sha'ibu, mai dafa mana, ta ce wannan ko shanun aka ba sai sun kai ƙara. Ta ƙwace muciya. Daga ranar ba wanda ya sake taɓa tukunya. Ƙartai goma sha ɗaya, in ta ce a wanke hannu sai ka ga ana layi."

"Takarkarin bai wahalar da ita ba?"

"Shi ta wahalar. Duk safiya sai ta yi masa nasiha. In ya ƙi tashi ta ce, to zauna, jikana zai yi gemu kafin mu isa, a ce kai ne sanadi. Wallahi sai ya tashi."

Na ji dariya daga bayan labule, gajeriya, ta karye a tsakiya ta zama wani abu, ta sake dawowa dariya. Kalla ya ci gaba. Yadda ta yi ciniki da matan Gurma da hannu da ido har ta fi su. Yadda take saƙa hular in an yada zango, ta warware sau uku domin ba ta san girman kan ba. Hajo ta kawo fura. Rana ta fito bayan kwana huɗu, tabarmi suna tururi a kan igiya. Mun kai awa biyu a haka, kamar tsohuwar tana ɗaki na kusa tana jinmu, ta ƙyale mu mu gama.

Da zai tafi Safiyatu ta ce in ya isa ƙauyen ya tsaya, ya ƙara ƙaya a kan kabarin saboda kuraye, ya gaya wa Inna namiji ne, kuma hular ta yi daidai.

Kalla ya ce, "In Allah ya kai ni, zan faɗa."

Hular ta yi masa yawa ƙwarai. Har hanci take rufewa.

Litinin, 6 ga Yuni, da yamma

Har yanzu, "Gwaggo, a ce masa."

Talata, 7 ga Yuni, bayan magariba

Arba'in. An yi wankan ƙarshe da safe, Hajo ta kife babbar tukunyar, ta ce bayanta ya huta. An yi wa Safiyatu kitso. Ba ta sa lalle ba, ba ta fita yawon gaishe-gaishe ba. Ta ce sai wani mako.

Da la'asar na dawo na tarar da ita a bakin murhu, karo na farko tun watan Afrilu, Baƙo a bayanta. Ta rame. Tana tuƙa tuwo, idonta a wani wuri da ba tukunya ba. Na ga ta sa gishiri a miya. Bayan ɗan lokaci na ga ta sake sawa. Hajo ma ta gani, ta buɗe baki, ta rufe.

Ita ta kawo mini da kanta, ba ta aiko ba. Ta ajiye kwanon, ta zuba mini ruwan wanke hannu, ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba yi ba in ina ci. Miyar kuɓewa ce. Loma ta farko ta ɗaure mini harshe. Na ci ta biyu, na ci ta uku. Tana kallon hannuna yana zuwa yana dawowa.

Ta ce, "Malam."

Kwana tara ban ji wannan daga bakinta ba. Na ajiye lomar.

"Yaya miyar?"

Hajo tana bayanta a bakin randa, tana yi mini alama da ido da kai da duk abin da Allah ya ba ta. Na san amsar da ake ba macen da ta rasa uwa, ta tashi daga jego, ta yi girkin farko. Kowane namiji a unguwar nan ya san ta.

Na ce, "Gishiri ya yi yawa."

Hajo ta saki moɗa a randa.

Safiyatu ta daɗe tana dubana. Ta sa yatsa a miyar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Ya yi yawa," in ji ta. Ta jawo kwanon zuwa tsakiyarmu, ta wanke hannu. "Matsa. Ba kai kaɗai za ka sha wannan azaba ba."

Mun cinye.